Ƙwallon da Ta Faɗa Gwazar Mechas Ulang

Rubak Ililau ya shekara talatin da ɗaya yana koya wa yaran ƙauyenmu yakiyu, wasan nan na ƙwallo da sanda da muka gada tun zamanin kakanni. A duk tsibirin Babeldaob shi kaɗai ne mai koyarwar da ke hana yaro ya ɗaga ƙwallo sama. Ni ma ta hannunsa na bi.

Fili ne ya jawo haka. Filin na dangin Mechas Ulang ne, tsohuwar da maganarta ke yanke komai a kan ƙasar gidansu, kuma fadamar gwazarta tana bayansa daf. Fadamar gwaza kuwa ta mata ce, namiji mai kunya ba ya tsoma ƙafa ciki. Ranar da ta ba Rubak aron wurin, sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: duk ranar da ƙwallo ta karya mata gwaza, wasa ya ƙare. Ba mu da wani shimfiɗaɗɗen wuri, sauran duk tudu ne da bakin teku.

Don haka sai ya gina koyarwarsa a ƙasa. Buɗe ƙafafu, sassauta gwiwa, kada idonka ya bar ƙwallo, sannan ka sare ta kamar mai faskare, ta bi ciyawa da gudu. Wajen cafewa kuma hannu biyu, ka durƙusa ka tare ta da jikinka ko da za ta fasa maka leɓe. Mun ƙware a wannan har yaran birnin Koror suna kiranmu masu sharar tsakar gida, kuma sau da yawa da sharar muke cinye su.

Amma shi kansa mutumin sama ne. In ruwa ya ɗauke da la'asar, tururi na tashi daga ciyawa, sai ka gan shi tsaye yana tauna goronsa, baki ja wur, ya zuba wa gajimaren da ke bisa teku ido, ya manta da mu ɗungurungum. Mu ma sai mu kwanta a ciyawar, safar hannun da muke cafe ƙwallo da ita a fuska, muna jin ƙanshin fata da gishiri. Wani lokaci ya ce yana ɗan shekara goma sha bakwai ya buga wata ƙwallo a Koror da har yau ba wanda ya ga saukarta. Mukan yi dariya a cikin safar.

Na girma, na zama mai kamun kifi, ina zuwa ran Asabar ina jefa wa yara ƙwallo. A lokacin ne aka kawo Dilmei, 'yar shekara goma sha biyu, wadda dakan gwaza ya ba ta kafaɗu irin na maza. Shekara ta zagayo, wani mutum ya zo daga Koror zai zaɓi yaran da za a kai gasa tsibirin Guam.

Da safe ne, rana ba ta yi zafi ba. Na jefa mata sau biyu, ta sare su ƙasa yadda aka koya mata. Baƙon ya yi hamma, ya duba agogo. Sai Rubak ya yafito ta.

"Dilmei, wa ya ce ki riƙa sara kamar mai faskare?"

"Kai mana, Rubak! Kullum sai ka faɗa."

"To yau na janye. Ɗaga ta."

"Gwazar Mechas fa?"

"Taki ce? Ɗaga ta, 'yar nan, kafin hankalina ya dawo."

Na jefa. Ƙarar da sandar ta yi ban taɓa jin irinta a filin nan ba. Ƙwallon ta yi ta hawa a hankali, fara tas, kamar ba ta da niyyar dawowa, duk muka ɗaga kai baki buɗe. Can muka ji ta faɗa fadama, tsulum.

Mechas Ulang ta fito da laka har cinya, ƙwallo a hannu ɗaya, karyayyen karan gwaza a ɗayan.

"Ililau, tsufa ne ya cinye maka kunne, ko alkawarin ka manta?"

"Ban manta ba, Mechas."

"To kwashe tarkacenka." Ta miƙa wa Dilmei ƙwallon. "Ke kuma, wannan hannun naki ya fi ƙarfin turmi."

Mun yi roƙo har bakinmu ya gaji. Ba muguwa ba ce, magana ce ta riga ta fita, kuma a wurinta magana zarar bunu ce. Kafin wata ya cika an dasa rogo a filin. Dilmei ta tafi Guam. Sauran yaran sai sun bi mota zuwa ƙauyen gaba, kuma ba su fi biyar ke zuwa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi a rumfar bakin teku yana gyaran wata tsohuwar safar hannu da zaren kamun kifi.

"Rubak, ka salwantar da filin yara arba'in saboda yarinya ɗaya. Haka ake yi?"

Bai ɗago ba. "Yara nawa na danne wa hannu saboda filin? Ka ƙirga?"

"Ai ba wanda ya yi ƙorafi."

"Don ba su sani ba ne." Ya tsinke zaren da haƙori, sannan ya dube ni. "Kai ka fi ta ƙarfi. Tun kana ɗan shekara goma na gani, na yi shiru."

Na zauna a gefensa. Shekarata arba'in da ɗaya ranar.