Jere Huɗun da Ya Raba Badaru da Dara

Shekaru da yawa da suka wuce na ji ana raɗe-raɗin cewa ranar da aka ka da kai a Birnin Kudu, ba ka ganin 'ya'yan darar da ke gabanka. A'i mai fura ce ta fara faɗa mini a kasuwar Gwaram. Na yi dariya, na ce ta ji da damunta, ta bar wa maza zancen dara. Ga shi yau, Badaru, ina rubuta wannan kwana bakwai da binne ka. Allah Ya karɓi abinsa ranar Laraba, sha ɗaya ga Safar, shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in da uku bayan Hijira, da hantsi, a gidanka na Farin Dutse. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Kai ne mai tsaron kan dutse a zamaninmu. Ka shekara ashirin kana duban kudu, in ka hango hayaƙin mahara ka buga ganga, mata su kwashi yara su shige ganuwa. Sau biyu gangarka ta fisshe ni, sau ɗaya har da jakina, wanda bai taɓa gode maka ba. In ka sauko kuma sai gindin tsamiya, ka tona gidajen dara talatin a ƙasa, ka koya wa duk wanda ya tsuguna. Ba ka cin mai koyo sai ka nuna masa inda zai faɗi tukuna.

Kowace kaka, in an gama shigar da hatsi rumbu, gwanin Gwaram da gwanin Birnin Kudu sukan kara sau uku. Ba a sa komai sai sunan gari. A waccan shekara kai ka je mana, su kuma suka fito da Abdulsalami majemi. Ina tsugune a bayanka, kafaɗata na taɓa taka.

Tun kafin a zuba ɗa ko ɗaya ka ce a fita daga inuwa a koma rana. Aka yi ta tsiya, wani ya ce, "Mutanen Gwaram ƙadangaru ne, sai da rana suke tunani." Wasan farko kana riƙe da baƙar tsakuwa, ka cinye shi kafin azahar. Na biyu aka yi musaya, ka karɓi guntayen kara, ya ci. A na uku al'ada ta ba mai masauki zaɓi, Abdulsalami ya kwashi tsakuwa, ya bar maka kara, wanda launinsa da na ƙasa ɗaya ne.

A wajen zubi ka tara 'ya'yanka a layuka biyu na kusa da gwiwarka, ka bar masa tsakiya. Na yi zaton tarko ne, don ba ka taɓa sakin tsakiya ba. Duk da haka ka matse shi. La'asar ta yi, inuwar katanga ta rufe rabin gidajen, kana da bakwai, yana da shida. Hanya biyu ke gabanka. In ka gusa ɗan da ke gefen hagu, ka jera uku, ka cire tsakuwar da ke tsare masa layi, wasa ya ƙare. Sai ka ɗauki na dama, ka tura shi layin da kake da biyu a manne, alhali akwai wani karan naka a can ƙarshen layin. Suka zama huɗu. Kowa ya san huɗu ba ya ci. Abdulsalami ya jera uku, ya koma, ya sake jerawa, yana tsince ka ɗaya bayan ɗaya, har ka share gidajen da tafin hannunka.

Washegari ka mayar wa mai gari ganga, ka ce ka bar tsaro, ba ka faɗi dalili ba. Mu muka nemo maka dalili. Muka ce gwani ba ya jera huɗu sai da gangan, kuma mutum ba ya barin aiki sai ya ƙoshi a wani wuri. Aka ce an saye ka. Ban ƙirƙiro maganar ba, amma na gyara mata zama, domin ni ne wanda ya gani da ido, kuma ina da bakin ba da labari. Na zana wasan nan a ƙasa ya fi sau ɗari, ina nuna wa mutane huɗun nan. Aka daina matsa maka a tabarma. Yara suka riƙa ɗaga maka yatsu huɗu a hanya. Da makanta ta bayyana a fili bayan shekara tara, muka ce alhaki ne.

Yanzu na sake zana shi, ni kaɗai a bayan gida. Neman rana, tara 'ya'ya kusa da gwiwa, faɗuwa duk lokacin da kara ya zo hannunka: komai yana nan a fili, tun ranar. Karan nan na huɗu shi ya tabbatar maka idonka ya fara tafiya, kuma ba ka yarda ka ƙara kwana da gangar gari a hannunka ba. Matarka Fatsuma ta ce ka hana ta magana, don kana tsoron a kai ka unguwar makafi a miƙa maka sanda da ƙoƙo. Ka zaɓi a kira ka maci amana kana noma gonarka. Shekara goma sha bakwai ka yi a haka, ina wucewa ta ƙofarka, ban taɓa yin sallama ba.

Allah Ya jiƙanka, Badaru, Ya haskaka kabarinka, Ya mayar maka da gani mafi kyau. Allah Ya ba Fatsuma da 'yarka Zahara'u da jikokinka haƙuri. Ni kuma ina roƙonsu gafara a gaban duk wanda za a karanta wa wannan, tunda kai ba ka nan balle in roƙe ka.

Maganar idonka na ji ta sau uku ko huɗu a tsawon shekarun nan, kullum ina ture ta. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe ya tako ne daga Birnin Kudu ranar sadakar uku, da sanda, bayansa ya tanƙware. Ya ce, "Malam, tun wasa na biyu na ga Badaru yana lalube da yatsa, shi ya sa na ɗauki tsakuwa. Da ya jera huɗun, hannunsa ya taho zai cire nawa, sai ya taɓa karansa a hanya, ya janye. Na gani, na yi shiru, na ci." Abdulsalami majemi ne.