Murhun Inna

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin ƙasar noma, aikina shi ne in gano abin da ke hana shinkafa albarka a wasu gonakin fadamar Argungu. Da bazara na bi gonakin ina haƙa ina ɗibar ƙasa, ta sama daban, ta ƙasa daban, kowace gona da ledarta. Na sha rana har ƙannena suna cewa na koma gawayi.

Ƙasar a inuwa ake shanya ta kafin a kai ɗakin gwaji, kuma ta wannan gona ba ta taɓa ta waccan. Ana yajin aiki a makaranta, sai na kawo ta gidanmu a Badariya, na baza kowace a kan takardarta a ɗakin zaure. Na ja wa kowa kunne. Inna, mahaifiyata, tana Gwadangaji wajen jegon ƙanwata, ita kaɗai ba ta ji ba.

Ranar da ta dawo ba na gida. Na shigo bayan la'asar na tarar da ɗakin fes, an share har an yayyafa ruwa. Innalillahi!

"Inna, ina ƙasata?"

"Au, lakar nan? Allah shi yi maka albarka. Tun yaushe nika faɗin murhuna ya tsattsage, ashe kana ji."

Ta ja ni madafa. Ga sabon murhu, ɗanye shar. Ta haɗe ƙasar duka, ta kwaɓa da ƙaiƙayi, ta shafe shi sumul. Na durƙusa na dafa shi. Damina ta riga ta sauka, ruwan gulbin Rima ya shanye fadamar. Babu sauran haƙa sai baɗi. Shekara guda ke nan, wallahi, a gabana za a ɗora mata tukunya.

Raina ya ɓaci, na ɗago zan yi magana. Sai na ga laka a faratanta, tana ta murmushi.

"Tun da ka soma wanga dogon karatu," in ji ta, "yau na ga ya shigo gida."

Na yi mata sannu da aiki.

Abokan karatuna suka gama suka bar ni. Har Inna ta rasu ban faɗa mata ba, kuma murhun yana nan, na hana a rushe.