Yadda Na Ɗaure Baba Da Bakin Surukinsa

A wancan lokacin ni tela ne a kasuwar Kankiya, ina da keken ɗinki biyu da baki guda wanda ya fi su duka aiki. Ban kai shekara arba'in ba, amma an san ni da iya shirya magana. In an yi saɓani tsakanin mai ɗinki da mai kaya, ko an rasa wanda zai je neman alfarma wurin wani babba, ni ake turawa, kuma da wuya in dawo hannu rabbana. Wannan baiwa ta sa min wani girman kai da ban san ina da shi ba, ita ce kuma ta kai ni na cuci mutumin da na fi ƙauna bayan mahaifina. Shi ya sa na rubuto wa wannan mujalla, ba tare da na kama sunan kowa ba, ko Allah zai sa wani ya tsaya a inda ni na wuce.

Muna da wata ƙungiyar sa kai ta gayya. Aikinmu shi ne noma gonakin matan da mazansu suka rasu suka bar su da marayu, da na tsofaffin da ba su da mai kama musu, da na wanda ciwo ya kwantar da damina. Da rani kuma mu yi yaɓen katangar da ruwa ya ci, mu gyara rufin ɗaki. Babu mai biyan kowa. Akwai tela irina, akwai malamin firamare, mahauci, direba, ma'aikacin ƙaramar hukuma da manoma, daga Kankiya har Kusada da ƙauyukan da ke tsakani. Kowa ya zo da fartanyarsa da furarsa, domin dokar farko ita ce ba ma cin komai na gidan da muka je wa aiki sai ruwan randa. Wanda ya kafa ƙungiyar, ya kafa wannan doka, dattijo ne manomi da dukanmu muke ce wa Baba. Ni ne mataimakinsa, ko da yake in za a faɗi gaskiya, mataimakin surutu ne.

Baba ba ya jira a kawo masa kuka. Da an idar da sallar asuba zai hau tsohon babur ɗinsa ya bi hanyar gonaki, yau Kafin Soli, gobe wajen Yashe, yana tafe yana kallo. Daga yanayin ciyawar gona yake gane gidan da ke cikin wani hali. Sai ya dawo ya tsaya bakin shagona, ya ce min gonar wance ta sha ciyawa, in sanar da jama'a ranar Asabar can muka nufa. Matar ba za ta san da zuwanmu ba sai ta ji ƙarar fartanyu. Ya ce roƙo yana da nauyi a bakin mai mutunci, don haka kada mu bari su kai ga yin sa. Mutum ne mai tsokana. Ni kam ya sa ni gaba, kullum yana cewa in aka ba ni layi ɗaya sai na ba shi labari uku kafin in kai ƙarshensa, kuma hannun da ya saba da allura bai kamata a bar shi da fartanya ba tare da mai gadi ba. Ina jin daɗin wannan tsokana fiye da yabon wani.

Wata bazara, ana jiran ruwan shuka, ya tara mu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa ya ce zai sauka. Ya ce ya gaji, yana so ya je Kano wurin ɗiyarsa ya ɗan huta, kuma ga ni nan, in riƙe. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Nan take aka fara roƙo kamar yadda aka saba, domin a wurinmu in babba ya ce zai sauka ba a ce masa to, sai an nuna masa ana sonsa. Ya yi ta murmushi yana girgiza kai. Ni kuwa na san ba zan iya ba. Ban san gonar kowa ba, ban iya karanta ciyawa ba, kuma na san mahauci da direba ba za su ji maganata yadda suke jin tasa ba. Tsoro ne ya kama ni, amma sai na sa masa rigar ƙauna, har ni kaina na yarda cewa don Baba da marayu nake yi. Ko sau ɗaya ban zauna da shi mu biyu na tambaye shi wace irin gajiya ce wannan ba.

Na tura masa abokansa, ya ba su haƙuri. Na tura limamin unguwarsu, ya raka shi har bakin hanya da godiya, amma bai canja ba. A nan ne wayona ya motsa. Na tuna surukinsa, mahaifin matarsa, yana nan da rai a Kunduru, tsoho tukuf mai kwarjini. Kowa ya san yadda surukuta take a wurin mutanenmu, balle irin su Baba da suka tashi a da. Da furfurarsa da komai, in ya je gaida tsohon nan tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ba ya haɗa ido da shi, balle ya mayar masa da magana. Na sayi goro mai kyau, na roƙi direbanmu ya kai ni. Na zauna gaban tsoho na shirya masa zance yadda nake shirya babbar riga: na ambaci marayu, na ambaci lada, na ce mijin ɗiyarsa zai watsar da aikin Allah ga damina a kai. Tsoho ya ce a ɗauko masa sandarsa.

Ba zan manta fuskar Baba ba sa'ad da ya fito zaure ya tarar da surukinsa zaune a kan tabarma. Ya zube ƙasa yana gaisuwa. Tsoho bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi bai taɓa roƙonsa komai ba tun da ya ba shi ɗiya, yau ga shi ya taso da ƙafarsa, kuma muddin yana numfashi kada ya ji an ce surukinsa ya ajiye aikin marayu. Baba, kansa a ƙasa, ya ce to. Da za mu fita ya ɗago ya dubi wajen da nake, ya ce lalle tela ya iya ɗinki. Na ɗauka yabo ne. Na koma kasuwa ina ba da labari, 'yan ƙungiya suna ta sa min albarka, ina jin kaina kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Haka Baba ya ci gaba, damina ta wuce, aka yi girbi, aka shiga aikin rani. Alamu sun yi ta zuwa gabana ina tsallake su. Ya daina tuƙa babur da kansa, ya ce gwiwa ce, sai malamin firamare ya riƙa goya shi. Na kawo masa riga shuɗiya ya yaba min da kyan baƙin yadi, na yi dariya na ce tsokana ce. Wata rana ya miƙa wa mahauci hannu ya kira shi da sunan direba, muka kwashe da dariya har da shi. Ni da nake zura zare a kafar allura ba tare da na lalube ba, na kasa ganin abin da ke gaban hancina, domin ba na son in gani.

Da damina ta zagayo muka je noman firi gonar wata mai marayu huɗu a wajen Yashe. Geron bai wuce taƙi ba, a wannan girman kuwa sai mai ido ke raba shi da ciyawa. Muka jeru, Baba a layin farko kamar kullum, ni a kusa da shi. Na yi nisa ina zuba surutu, sai na ji babu mai amsa min. Na waiwaya. Layin Baba tas yake, babu ciyawa, babu gero. Duk ya sare su tare, yana ta tafiya a sunkuye da ƙwazonsa, bai sani ba. Mutumin da ke hango ciwon gida daga kan babur. A bayansa mahaucinmu, ƙaton mutum mai faɗa, yana durƙushe yana ciro gero daga inda ya yi yawa yana dasawa a gurbin wanda aka sare, hawaye na zuba a gemunsa. Muka bar Baba ya kai ƙarshen layi, na kama hannunsa na ce rana ta yi zafi, ya zo mu sha fura.

Da la'asar na je gidansa, na sa aka yi min sallama da matarsa, wadda muke kira Inna. Daga bayan ƙofar zaure ta yi min magana, muryarta ba faɗa, kuma wannan ya fi min ciwo. Ta ce hawan jinin ido ne. Tun waccan bazarar likita a Kano ya ce sai an yi aiki da wuri, domin abin da ciwon ya ci ba ya dawowa, kuma bayan aikin sai ya daɗe kusa da asibiti, ba sunkuyo, ba yawon babur. Har an ba su rana, ta haɗa kaya a jaka, sai ga ni da mahaifinta. Ta ce muna fita ya ce ta kwance kayan. Ta roƙe shi ya bari ta je ta gaya wa tsoho gaskiya, ya hana, ya ce ba zai sa surukinsa ya ji kunyar ya yi magana cikin rashin sani ba, kuma ba zai ce to a gabansa ya koma ya warware ba. Sai ya riƙa ɗiga magani yana cewa bayan girbi, bayan yaɓe, har ruwa ya sake sauka. Daga ƙarshe ta ce min, ɗan nan, ai da ka tambaya.

Washegari na koma Kunduru, wannan karon ba goro, ba shiri. Na durƙusa na gaya wa tsoho abin da na yi da dalilin da ya sa na yi, har da tsoron da na ɓoye. Ya yi salati ya fi a ƙirga. Ya ce na sa shi ya yanka ɗansa da bakinsa. Nan take ya tashi muka taho Kankiya tare. A zauren nan dai ya ce wa Baba ya janye maganarsa, yanzu kuma umarni yake ba shi ya tashi ya tafi Kano. Baba ya sake cewa to. Cikin kwana uku aka tafi da shi. An yi aikin, amma likita ya ce an makara: idon hagu ya tafi, na dama kuma sai haske da inuwar mutum.

Shugabancin da na guda ya faɗo kaina duk da haka, kuma ga shi ƙungiya ba ta mutu ba. Na yi kurakurai, mahauci ya yi min tsawa sau da yawa, muka raba ƙauyuka kowa yana duba na kusa da shi, aiki yana tafiya. Abin da na sa Baba ya biya da idonsa, ashe abu ne da za mu iya koya cikin damina guda. Da ya dawo na je neman gafara, na kasa haɗa jimla ɗaya, ni mai baki. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce yau ga ranar da tela ya rasa zare. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya buɗe baki ya faɗi ciwonsa da ba a kai haka ba, amma an tashe su a kan cewa namiji ba ya tallan rauninsa. Ya ce ya yafe duniya da lahira, in tashi in daina jiƙa masa tabarma.

Yafewar ba ta sauke min nauyin ba. Bara ɗiyarsa ta zo goyon ciki ta haifi namiji. Ranar suna aka miƙo masa jaririn a zaure, ya rungume shi, ya kai fuskarsa kusa har hancinsu na taɓa juna, ya juya shi wajen hasken ƙofa. Sannan ya kira ni a hankali, ya ce in matso, ni mai kaifin ido, in gaya masa tsakani da Allah wa yaron nan ya ɗebo. Na duba, goshinsa ne sak, har da ɗan lotsawar haɓa. Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce to an cuci yaro, ya ci gaba da shafa fuskar da yatsa. Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Abin da na koya shi ne, ba duk roƙo ne ƙauna ba. Wani roƙon son kai ne, mai yin sa ma bai sani ba. Mutanenmu suna da kawaici, babba zai ce ya gaji alhali abin da ke cinsa ya fi gajiya, kuma ba zai faɗa a gaban taro ba. Don haka ina kira ga 'yan ƙungiyoyi, na masallaci ne ko na unguwa ko na gayya irin tamu: in wanda ya yi muku hidima shekara da shekaru ya ce zai sauka, kafin ku tara masu roƙo, ɗayanku ya same shi shi kaɗai ya tambaye shi lafiya, ya kuma yi shiru ya saurara. Kada ku kawo masa wanda ba zai iya ce wa a'a ba, domin wannan ba roƙo ba ne, ɗauri ne. Ku sallame shi da addu'a tun yana da sauran abin da zai mora. Ni na riƙe namu shekara guda don kada in ɗauki nauyi, shi kuma yanzu sai an gaya masa kamannin jikansa.