Ranar da Malama Ta Nemi Muryata

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a yi Jihar Kebbi, aikina a ƙungiyar waƙa ta makarantarmu a Birnin Kebbi motsa baki ne kawai. Malamar waƙa ta ce muryata kamar ana jan kwano a siminti, amma tsawona yana gyara layin baya. Ni kuwa na fi kowa haddace waƙar, kuma ina mutuwar son a ji ni.

Ranar da za mu je gasa a Argungu, aka loda mu a bayan babbar mota. Malama tana gaba wajen direba, ba ta san 'yan mata suna ta ƙwala waƙa cikin iska ba. Ni ko tari ban yi ba, fushi nake.

Da muka sauka, duk sun dishe, har mai bayarwa. Malama ta dube ni.

"Ke ɗiyag ga, kin iya baitocin?"

"Malama, motsa baki na iya."

Sai da ta ce "don Allah" gaban kowa, sannan na bayar da waƙar da dukkan ƙarfina, disassu suna amsawa. Na ƙarshe muka zo, amma har bakin gulbi an ji ni.