Awa Bakwai a Las Palmas

Ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. "Yaron nan" nake cewa.

Watansa goma sha ɗaya lokacin da gwamnati ta tura Malam, maigidana, kwas a Landan. Shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ne, kowa jirgin sama yake hawa, amma Malam ya ce jirgin ruwa ya fi ɗaukar kaya. Muka tashi daga Ikko da buhun gero da daddawa da kuka.

A kwana na biyar gudawa ta kama yaron. Na ce haƙori ne. Likitan jirgi ya ba da wani farin ruwa a kwalba, bai tsaya ba. Da hantsin kwana na takwas ya cika a cinyata.

Aka ce mu gode Allah, gobe za a tsaya a wani tsibiri, a garin Las Palmas, a sha mai, awa bakwai. Ba don haka ba, a teku za a sa shi.

Wani dattijo mutumin Ilori, shi kaɗai ne Musulmin da muka sani a jirgin, ya yi masa wanka. Na ba da farin mayafina aka yanka likkafani. Da jirgi ya tsaya, fasinjoji suka yi ta rububin sauka sayen rediyo da agogo. Malam ya bi bayansu da yaron a hannu, dattijon na biye. Wata Baturiya da ke ɗakin kusa da namu ta kama hannuna tana nuna mini tsani, wai in bi su. Na girgiza kai. Mace ba ta zuwa maƙabarta, balle uwa, balle a kan ɗan fari.

Na tsaya a jikin ƙarfen jirgi ina kallon fararen gidaje a kan tudu. Jirgi ya yi kuka sau biyu kafin na hango Malam da dattijon suna dawowa da gudu. Na lura babu ƙasa a gwiwar wandon Malam.

"Sannunku da dawowa," na ce.

"Yauwa. An kai shi."

Ban ƙara ko kalma ba. Ina jin nauyin dattijon, kada ya ce ba ni da kunya.

Shekara huɗu muka yi a unguwar Deptford ta Landan, a wani flat mai sanyi kusa da kogi. Na haifi 'yan mata biyu, ina yi musu Hausa suna ba ni amsa da Turanci. Duk wannan lokaci abin da na riƙe shi ne, ran komawa gida jirgi zai sake tsayawa a tsibirin. Ko ban shiga maƙabartar ba, Malam ya nuna mini katangarta daga nesa, in rubuta sunan wurin da ɗan bokona na yaƙi da jahilci.

Wata Asabar ya shigo daga kasuwa da ledar kifi, yana kakkaɓe ruwan sama daga kwat ɗinsa.

"Baiwar Allah, na yi booking. Awa shida muna Kano."

"Jirgin sama, Malam? Na ruwan fa?"

"Ai an daina shi tun bara waccan. Wa zai yi mako biyu a kan ruwa yanzu?"

Na ajiye wuƙar da na ɗauko don gyaran kifin. "To faɗa mini inda yaron nan yake."

Ya zauna a kujera, bai cire kwat ba. Ya ce awa biyar suka yi tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda, ana ta rubutu da wani yaren da ba Turanci ba. Da aka sallame su, mai tasi ya kai su wata maƙabarta a bayan gari. Ba a haƙa kabari ba, masu haƙa sun tafi cin abinci. Suka yi masa salla su biyu a bakin ƙofa. Sai suka ji kukan jirgi. Ya miƙa yaron ga mai gadin wurin, ya nuna masa gabas da hannu, mutumin ya gyaɗa kai.

"Ba ka ga an sa shi ba?"

"Ban gani ba."

"Sunan wurin fa?"

"Ban karanta ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Tun daga mota nake shirya abin da zan ce miki. Na ce a raina idan kika tambaya, mu sauke kayanmu, jirgin ya tafi. Sai kika yi mini sannu da dawowa."

Ƙaramar ta shigo tana jan zanena, wai yunwa take ji. Na ɗauki wuƙa na fara gyaran kifin.

Har yau bayan kowace salla ina roƙa masa rahama. In na zo inda ake cewa Allah ya haskaka kabari, sai in tsaya, domin ban san ko yana da shi ba.