Rufin Asirin Inna Hajo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Gusau, amma sai da rana ta ɗaga muka bar bakin gari, don hanyar Anka yanzu ba a shigarta a kaɗaice. Ana jira motoci su taru a bi juna. Tare da ni akwai abokin aikina malamin asibiti, da direba, da wani magidanci da ya yi shekaru yana shan ƙwaya kafin Allah ya yaye masa. Ba wa'azi ya fito da mu ba. Mun je ne mu nuna wa mutane yadda za su ceci ran mai shaye-shaye idan abin da ya sha ya fi ƙarfinsa, ko ya daina ko bai daina ba tukuna.

Direbanmu ya rantse ya san kowane rami a hanyar, kuma bai yi ƙarya ba, don babu wanda bai tsaya sun gaisa ba. Dawa ta yi kyau dama da hagu, sai dai akwai ƙauyukan da muka wuce ba hayaƙi, ba ko akuya. Duk inda muka zo irin wurin nan sai hira ta mutu a motar.

A Anka muka karya da waina da miyar taushe, sannan muka zauna da masu haƙar zinariya a wata rumfa. Yawancinsu don ƙarfin aiki suke shan tramol. Magidancin nan shi ya yi musu magana, don sun fi jin tasa. Ya ce kada mutum ya kulle kansa ya sha shi kaɗai, kada a haɗa ƙwaya da maganin tari ko na barci, kuma wanda ya kwana biyu bai sha ba, jikinsa ba zai ɗauki abin da ya saba ba. Wani dattijo ya kafe cewa nono na kashe kowace guba. Da ƙyar muka fahimtar da shi cewa wanda ya suma ba ya haɗiya, duk abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Ya yarda, amma ya ce ba laifin nonon ba ne.

Gummi ta burge ni. Fadama shar da shinkafa, ga kifi a bakin kasuwa, sai dai kuɗinsa ya tashi har mai sayarwa na ba ka haƙuri kafin ya faɗa. A nan muka koya wa masunta da 'yan kabu-kabu yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefe, don kada amai ya shaƙe shi. Direba muka sa ya zama majinyaci. Ya riga ya cika ciki da kifi, saura kaɗan ya yi barcin gaske.

Kashegari muka karkata Bukkuyum. Maza suka tafi tasha, ni kuma na zauna da mata a tsakar gidan wata ungozoma. Ina cikin bayani na ce idan mai shan ƙwaya ya kwanta yana wani irin minshari mai gurnani, an kira shi an girgiza shi bai motsa ba, to ba barci yake ba, numfashinsa ne ke tafiya. Sai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, Inna Hajo, ta ajiye farantinta.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga minshari da kinka hwaɗi, ni na ji shi da kunnena."

Babban ɗanta, Bello, ya shigo gida da rana yana tangaɗi, ga dangin yarinyar da zai aura sun zo gaisuwa suna zaune a ɗakinta. "Sai nit tura shi ɗakinai, nij jawo gambu, don in ruhwa mai asiri. Da nij ji minshari har godiya niy yi ma Allah, nic ce kwana shi kai." Ba ta buɗe ƙofar ba sai da baƙi suka tafi bayan la'asar.

Ta dube ni ta ce, "Da na bar gambun buɗe, da shina raye?"

Na sha amsa tambayoyi a aikin nan, amma ban taɓa haɗuwa da irin wannan ba. Tausayinta ya kama ni sosai. Na ce, "Inna, kwana na Allah ne, kuma ba ki sani ba a lokacin." Ta ce ba don kuka ta tambaya ba. Tana da sauran ɗa guda, Sani, yana kabu-kabu a hanyar Zugu, shi ma yana sha, wai don kada tsoro da gajiya su kama shi a daji. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta kai shi wurin malamai, bai daina ba.

Na koya mata abin da na sani: ta kira sunansa da ƙarfi, ta murza ƙashin ƙirjinsa, ta duba leɓensa ko ya canza launi, ta juya shi gefe, kada ta ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. A can kuma ta faɗi gaskiyar abin da ya sha, don akwai allurar da ke dawo da numfashi idan an san dalili. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi mata nauyi.

Muna haɗa kaya da yamma Inna Hajo ta aiko a kira ni. Ina shiga gidanta na ga ƙyaure jingine da rumbu. Ta sa an cire na ɗakin Sani, ta rataya tsohon zane a madadinsa. Shi kuwa yana zaune kan babur, fuska a ɗaure.

Ya ce, "Malama, dubi abin da Inna tay yi. Ta tona mani asiri ga unguwa duka."

Ta ce, "Na ruhwa ma wanka Bello asiri, ƙasa ta ƙarasa ruhewa. Naka bari shi tonu."

Sai Sani ya sauko daga babur, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rigingine. "To taho ki gwada abin da anka koya maki." Tsohuwar ta durƙusa, ta lanƙwasa gwiwarsa, ta ja kafaɗarsa. Ya fi ƙarfinta a karon farko. Ta gyara ɗaurin zane ta sake ja, ya juyo. Na juya baya kamar ina neman takalmina, don idona ya cika.

Mun kwana a garin, muka bi ayarin safe, muka iso Gusau lafiya, jikina duk ciwon ramukan direba. Na fita da tunanin cewa rashin sani ne ke kashe yaran nan. Na dawo na gane kunya ma tana kisa, kuma sau da yawa mai ƙaunarka ne ke jawo ƙofar. Sani bai yi wa kowa alkawarin dainawa ba, ni ma ban nema ba. Abin da na sani kawai, idan numfashinsa ya canza akwai mai jin sa, kuma ba za ta sake gode wa Allah a kan wannan minsharin ba.