Hatimi a Kan Takardar Mamaci

A shekarata ta biyar a birnin Guangzhou na ƙasar Sin na gama karatu, ban koma gida ba, na tsaya ina yi wa 'yan kasuwa tafinta a unguwar Xiaobei. A lokacin ne wani dattijo ɗan Maraɗi, mai sarin fitilun sola da nake yi wa tafinta, ya rasa ƙaninsa a Panyu, wata unguwa a gefen birnin. An binne shi a nan. Amma iyalinsa can gida ba su da damar taɓa gado sai da takardar shaidar mutuwa, a fassara ta, a buga mata hatimin ofishin notari, wato masu tabbatar da takardu a hukumance.

Akwai wani dillali, ɗan uwanmu Bahaushe, da kowa ke kai wa irin wannan aiki, shi ne ma ke turo mini yawancin masu neman tafinta. Ya yanka wa dattijon kuɗi, ya ce haka hukuma ke karɓa. Dattijo ya ba da rabi. Mako biyu aka yi, kullum sai gobe. Ran nan dattijon ya ce mini, "Ɗana, raka ni ofishin nan mu ji da kunnenmu. Na gaji."

Muka hau jirgin ƙasa, muka karɓi lamba, muka zauna. Ina jira sai idona ya kai kan wani allo a bango. Farashin kowane aiki ne a jere, a ƙasa an rubuta cewa doka ta hana a karɓi fiye da haka. Na tambayi ma'aikaciyar da ke bayan kanta ko baƙi na biyan ƙari. Ta girgiza kai ta ce, "Mei you," wato babu. Har da kuɗin fassara, abin bai kai rubu'in na dillalin ba. Takardunmu kuwa ba a ma kawo su ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, mu koma ya dawo maka da kuɗinka."

Ya murza gwiwarsa ya amsa. "Wa ya tsaya a asibiti har aka ba mu gawa? Wa ya nemo mota? Ba shi ba ne? Bizata saura wata guda, wajen wa zan je?"

 Muka dawo, ya yi ta gyangyaɗi a jirgi. Washegari ya cika wa dillalin ragowar, bayan kwana huɗu takarda ta fito.

Ni dai bakina bai yi shiru ba, na riƙa gaya wa mutane a masallaci da wajen cin abinci. Kaɗan suka fara zuwa ofishin da kansu, yawanci suka ce ba su da lokacin bin layi. Da maganar ta kai kunnen dillalin bai ce mini komai ba, muna gaisawa lafiya lau, sai dai ya daina turo mini masu neman tafinta. Kafin shekara ta ƙare na kasa biyan hayar ɗakina, na koma Panyu inda ya fi sauƙi.